Siffar Kwaɗo da Ƙirar Makulli: Jawabi a kan Yadda Ake Nemo Maganin Tarin Fuka

 

Maganar da zan yi muku ta shafi ƙwayoyin nan ne da ake bai wa mai tarin fuka ya sha har wata shida. Da yawa daga cikinku sun san launinsu da girmansu, wasu ma sun yi jinyar wanda ya sha su. Amma ba kowa ne ya san inda suke dosa ba bayan an haɗiye su, balle abin da suke kamawa idan sun isa. Ina so in bi da ku wannan hanya har ƙarshenta, domin a can ne amsar tambayoyin da kuka saba yi mana take. Me ya sa magani huɗu ne a haɗe? Me ya sa ba a dainawa idan an ji sauƙi? Me ya sa maganin da ya warkar da wane ya kasa warkar da maƙwabcinsa? Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, don haka ku ba ni aron hankalinku.

Abokin gabar da muke fama da shi

Ranar 24 ga Maris, 1882, wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya sanar a birnin Balin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka. Saboda haka ne ake tunawa da wannan cuta a irin wannan rana kowace shekara. Ƙwayar tana cikin jinsin halittun da ake kira bakteriya. Siffarta kamar ɗan guntun kara take, kuma sai an jera wajen ɗari uku kai da kai kafin su cika tsawon milimita ɗaya.

Duk da ƙanƙantarta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da ciwon, kimanin miliyan 1.25 kuma suka rasu. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da shi a duniya. A nan Afirka ta Yamma har da wata 'yar'uwar wannan ƙwaya, wadda aka fara bayyana ta a Senegal a 1968, aka kuma raɗa mata suna da sunan nahiyarmu. Ita ma tana haddasa tarin fuka a Ghana da Nijeriya da ƙasashen da ke kewaye.

Abu biyu ne suka sa ƙwayar ta yi wuyar sha'ani. Na farko, tana sanye da wata riga mai kauri ta maiƙo, kamar kakin zuma, wadda magunguna da yawa ba sa iya ratsa ta. Na biyu, ba ta gaggawa. Wasu bakteriya na hanji suna rabuwa biyu cikin minti ashirin, ita kuwa takan ɗauki kusan kwana guda, wani lokaci ma ta lafe a jiki tsawon shekaru. To, yaya za a kashe irin wannan halitta a cikin huhun mutum ba tare da an cutar da mai huhun ba?

Ma'aikatan da ke cikin ƙwayar cuta

Ku ɗauki ƙwayar cuta kamar wani ƙaramin gari mai ganuwa. A cikinsa akwai magina masu gyaran ganuwar, akwai marubuta masu kwafar littafin gado, akwai masu samar da wuta, akwai masu shara. Waɗannan ma'aikata su ne masana ke kira inzayim. Kusan kowane inzayim furotin ne, wato wani dogon zare da aka ƙulla daga ƙananan sinadarai iri ashirin, kamar yadda ake jera duwatsun wuya. Zaren ba ya zama a miƙe. Yana naɗe kansa ya dunƙule ya ɗauki siffa guda tak, mai tudu da kwari, kuma a jikin wannan dunƙule akwai wani ɗan lungu inda aikin yake gudana. Abin da za a sarrafa yana shiga lungun, a yanka shi ko a haɗa shi da wani, ya fita, wani ya shigo.

Tun a 1894 wani masanin sinadarai na Jamus, Emil Fischer, ya kwatanta wannan da kwaɗo da makulli: kowane inzayim yana karɓar abin da ya dace da lungunsa ne kaɗai. Daga nan dabarar magani ta fito. Idan aka ƙera makulli na ƙarya da zai shiga kwaɗon ya maƙale, na gaskiya ba zai sami wurin shiga ba, aiki ya tsaya. Mafi yawan magungunan kashe bakteriya haka suke aiki.

Ba kowane inzayim ne ya cancanci a auna shi ba. Masu bincike suna neman wanda ya cika sharuɗɗa uku. Ya zama ƙwayar ba za ta rayu ba idan babu shi. Ya zama babu irinsa a jikin ɗan'adam, ko kuma namu ya bambanta da shi sosai, don kada maganin ya zama guba. Sannan ya zama lungunsa yana da zurfin da ƙaramin sinadari zai iya shiga ya riƙe. Sharaɗi na biyu da na uku ba a tabbatar da su sai an ga siffar inzayim ɗin ƙuru-ƙuru. Maƙerin da bai ga cikin kwaɗo ba, lalube kawai yake yi.

Yadda ake ganin abin da ido ba ya gani

Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra a jikin furotin ba ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin miliyan goma na milimita ba. Na'urar da ake duba kaki da ita a asibiti ba ta kai nan. Saboda haka aka bi ta wata hanya. Da farko ana ɗaukar ƙwayar gadon inzayim ɗin a dasa ta cikin wata bakteriya marar haɗari, ita kuma ta yi ta samar da shi da yawa. Sai a tace shi har ya fita tas. Daga nan a yi ta lallaɓa shi cikin ɗigon ruwa mai gishiri iri-iri, har miliyoyinsa su jeru sahu-sahu su daskare su zama ɗan kiristal, irin yadda gishiri ko alif yake daskarewa. Wannan mataki yakan ci watanni, wani lokaci shekaru, wasu furotin kuma sukan ƙi sam.

Idan kiristal ya samu, sai a haska shi da hasken eksire, wato irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Hasken yana karo da ƙwayoyin zarra ya watsu, ya bar ɗige-ɗige dubbai a kan na'urar da ke bayansa. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa da kuma ƙarfinsa, ana yin lissafi a gano mazaunin kowace ƙwayar zarra, a zana taswirar inzayim ɗin ta kowace fuska.

Da wannan hanya wata masaniya 'yar Ingila, Dorothy Hodgkin, ta gano siffar maganin fenisilin a 1945, aka kuma ba ta kyautar Nobel a 1964. A 1965 David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka zana siffar inzayim na farko a tarihi, wato laisozayim na farin ƙwai, wanda irinsa yake cikin hawayenmu da miyaunmu yana fasa ganuwar bakteriya. A 1971 aka buɗe wani rumbu na ajiyar irin waɗannan taswirori a Amurka, da guda bakwai kacal. Yau abin da ke cikinsa ya haura 200,000, kuma duk mai intanet yana iya dubawa kyauta.

Kayan aikin sun ƙara inganta. Yanzu ana samun haske mai tsananin ƙarfi daga wasu manyan injuna masu siffar zobe da ake kira sinkurotiron, waɗanda kewayen wasunsu ya kai ɗaruruwan mitoci. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar kiristal: a daskarar da furotin nan take cikin sanyi mai tsanani, a ɗauki hotunansa dubbai da na'ura mai aiki da ilektiron, kwamfuta ta harhaɗa su. Masana uku da suka share wannan hanya sun sami kyautar Nobel a 2017. A 2024 kuma an karrama waɗanda suka ƙirƙiro manhajar AlphaFold, mai hasashen siffar furotin daga jerin sinadaransa. Hasashe yana rage wahala, amma kafin a gina magani a kansa sai an tabbatar da shi a ɗakin gwaje-gwaje, don gani ya kori ji.

Game da tarin fuka, babbar ƙofa ta buɗe a 1998, lokacin da Stewart Cole da abokan aikinsa a Faransa da Ingila suka karance littafin gadon ƙwayar baki ɗaya, suka tarar da ƙwayoyin gado kimanin 4,000. Tun daga lokacin masu bincike a ƙasashe da dama suke bin inzayim ɗinta ɗaya bayan ɗaya suna zana siffarsu. Bari in ba ku labarin uku daga ciki, waɗanda magungunan da ke hannunku suke kamawa.

Na farko: mai saƙa rigar maiƙo

An fara amfani da isoniyazid a 1952, kuma har yau yana cikin ƙwayoyin da ake sha kullum. Abin mamaki, an shafe shekara arba'in ana warkar da mutane da shi ba tare da an san abin da yake kamawa ba. Sai a 1994 masu bincike a birnin Niyok suka nuna cewa wani inzayim ne mai suna InhA, ɗaya daga cikin masu saƙa dogayen zaruruwan maiƙon da ake ɗinka rigar ƙwayar da su. A 1995 aka zana siffarsa, a 1998 kuma aka ga maganin zaune a cikin lungunsa.

Abin da aka fahimta ya ba da mamaki. Isoniyazid a yadda kuke haɗiye shi ba ya iya komai. Sai ya shiga cikin ƙwayar cutar, wani inzayim nata mai suna KatG ya sarrafa shi, sannan ya manne da wani sinadari da InhA yake amfani da shi kullum. InhA ya karɓi wannan haɗi yana zaton kayan aikinsa ne, ya maƙale masa. Saƙa ta tsaya, riga ta yage, ƙwaya ta mutu. Wato ita da kanta take wasa wuƙar da za a yanka ta.

Siffar ta kuma bayyana yadda ƙwayar take kuɓuta. A mafi yawan ƙwayoyin da suka bijire wa isoniyazid, sinadari ɗaya tak ne ya sauya a jikin KatG, na 315 a jerin. Wannan sauyi yana ƙuntata 'yar hanyar da maganin yake bi ya shiga, sai ya zama ba a sarrafa shi sosai, ƙwayar kuwa ta ci gaba da harkarta. Da aka san haka, sai masu bincike suka koma neman sinadaran da za su kama InhA kai tsaye, ba sai sun bi ta hannun KatG ba. Ana kan wannan aiki.

Na biyu: marubucin garin

Rifamfisin, wanda yake mayar da fitsari ja, an samo shi ne a Italiya daga wata halittar cikin ƙasa, aka fara amfani da shi a shekarun 1960. Shi ne ƙashin bayan maganin wata shida. Abin da yake kamawa shi ne babban inzayim ɗin da ke kwafo umarni daga littafin gado ya miƙa wa sauran ma'aikata. A 2001 masu bincike a Jami'ar Rockefeller suka zana siffar irin wannan inzayim daga wata bakteriya, da rifamfisin a jikinsa. Sai aka ga maganin yana zama ne a bakin hanyar da rubutun yake bi ya fita. Marubucin yana fara harafi biyu ko uku, sai ya yi karo da shi, ya tsaya.

Lungun da rifamfisin yake zama a ciki, wani ɗan gajeren yanki ne na littafin gado yake tsara shi, mai harafi 81 kacal. Kimanin kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin da suka bijire wa maganin, a wannan yanki sauyinsu yake. Wannan sani shi ne ya haifar da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disambar 2010, kuma yanzu tana asibitoci da yawa a ƙasashenmu. Idan an karɓi kakinku an zuba a cikinta, haruffan nan 81 take karantawa. Cikin kimanin awa biyu ta faɗa ko akwai tarin fuka, da kuma ko rifamfisin zai yi aiki. A da, sai an shuka ƙwayar an jira makonni.

Amma ƙwayar ba ta daina neman mafita ba. A ƙasar Eswatini, a kudancin Afirka, an ba da rahoto a 2015 cewa kusan kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin da suka bijire wa manyan magungunan biyu suna ɗauke da wani sauyi da yake wajen wancan yanki. Na'urar ba ta ganinsa, sai ta ce magani zai yi aiki alhali ba zai yi ba. Ku ma'aikatan lafiya, ku riƙe wannan: idan marar lafiya yana shan magani yadda ya kamata amma bai samu sauƙi ba, a sake gwaji, a tura kakinsa babban ɗakin gwaje-gwaje, kada a yi saurin ɗora masa laifi.

Na uku: injin wutar garin

Bayan rifamfisin an yi sama da shekara arba'in ba a sami sabon nau'in maganin tarin fuka ba. A 2005 Koen Andries da abokan aikinsa a kamfanin Janssen na Beljiyam suka sanar da bedakwilin, a Disambar 2012 kuma Amurka ta ba da izinin amfani da shi. Ba daga taswira aka fara ƙera shi ba. An gwada sinadarai masu ɗimbin yawa ne a kan bakteriya masu rai har aka dace da shi, daga baya aka gano abin da yake kamawa. Inzayim ne mai samar wa ƙwayar makamashi, wanda yake da wani zobe mai juyawa kamar injin niƙa.

A 2015 masana a Jamus suka zana wannan zobe da maganin manne da shi, bayan wasu shekaru kuma masana a Kanada suka ɗauki hoton injin gaba ɗaya. Aka ga bedakwilin yana shiga kamar tsinke a cikin haƙoran injin ya hana shi juyawa. Mu ma muna da irin wannan inji a jikinmu, amma wurin da maganin yake riƙewa ya ɗan bambanta, shi ya sa ya fi kama na ƙwayar cutar nesa ba kusa ba. Da wannan taswira ake taimaka wa aikin gyara maganin, don a sami 'yan'uwansa da suka fi shi ƙarfi, suka kuma fi sauƙi ga zuciya. Wasu daga cikinsu ana gwada su a kan mutane yanzu.

Amfanin wannan ga marar lafiya ba ƙarami ba ne. A da, mai tarin fukan da ya bijire wa magani yakan sha magani wata goma sha takwas zuwa shekara biyu, da allurai na watanni waɗanda suka kurmantar da mutane da yawa. Nijar da Kamaru suna cikin ƙasashen Afirka tara da aka gwada gajeren tsari na wata tara a cikinsu, kuma abin da aka gani a can ya taimaka wajen amincewa da shi a 2016. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tsarin wata shida na ƙwayoyi zalla, babu allura, wanda bedakwilin yake tsakiyarsa.

Akwai na huɗu a tafe. A 2009 aka gano cewa magani zai iya kama wani inzayim mai suna DprE1, mai haɗa tubalin ganuwar ƙwayar, wanda babu irinsa a jikin mutum. An zana siffarsa a 2012, kuma magunguna da dama da ke kama shi suna matakin gwaji. Ku lura da tsawon lokacin. Daga gano inzayim zuwa ƙwayar da za a miƙa wa marar lafiya akan ɗauki shekara goma zuwa goma sha biyar, kuma mafi yawan sinadaran da aka fara da su a hanya suke faɗuwa.

Inda maganar ta iso kanmu

Yanzu ga amsar tambayoyinku. Duk lokacin da ƙwayar cuta ta rabu biyu, sai ta kwafi littafin gadonta, kuma jefi-jefi akan sami kuskure a kwafin. Wani kuskuren yakan sauya siffar lungun da magani yake shiga. A ƙiyasin masana, cikin ƙwayoyi miliyan ɗaya akan sami kimanin guda da isoniyazid ba ya kama ta, cikin miliyan ɗari kuma guda da rifamfisin ba ya kama ta. Rami ɗaya a huhun marar lafiya yana iya ɗaukar ƙwayoyi miliyan ɗari ko fiye. Ke nan tun kafin a fara magani, akwai 'yan tsirarun da kwaɗonsu ya riga ya sauya.

Idan aka ba da magani ɗaya, zai kashe sauran ya bar waɗannan, su hayayyafa su cika huhun. An ga haka tun a shekarun 1940, lokacin da aka yi amfani da siteraftomaisin shi kaɗai. Amma da wuya ƙwarai ƙwaya guda ta sauya kwaɗo huɗu a lokaci ɗaya. Wadda ta tsere wa wannan, wancan zai kama ta. Shi ya sa ake haɗa isoniyazid da rifamfisin da firazinamid da etambutol wata biyu, sannan a ci gaba da biyun farko wata huɗu. Tsawon lokacin kuwa saboda waɗanda suka lafe ne, don tari yakan lafa jiki ya dawo alhali suna nan da ransu.

A nan ne iyaka take shigowa cikin zancen. Mutum ya fara magani a Maraɗi, kasuwa ta kira shi Jibiya ko Katsina. Direba ya fara a Illela, lodi ya kai shi Birnin Ƙonni ko Tawa. Makiyayi ya fara a Damagaram, rani ya kora shi kudu da dabbobinsa. Wani ya fara a Maiduguri ya tsallaka Kuseri ko Injamena. Magani ya ƙare a hanya, sai a tsaya, ko a sayi abin da aka samu a tiren mai talla, a sha yau a bari gobe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kuma wanda ƙwayarsa ta bijire, idan ya yi tari a cikin mota ko a ɗaki, bijirarriyar ce yake raba wa matarsa da 'ya'yansa da abokan tafiyarsa. Ko bedakwilin, da ƙuruciyarsa, an riga an fara samun ƙwayoyin da suka bijire masa a kudancin Afirka.

Don haka ga roƙona gare ku. Duk wanda ya yi tari mako biyu, musamman da zazzaɓi ko gumin dare ko rama, ya je a gwada kakinsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati na Nijeriya da Nijar. Kai ɗan'uwa mai shan magani, idan tafiya ta kama ka, ka sanar da malamin asibiti tun kafin ka tashi, ya ba ka guzurin magani da takardar tura ka wata cibiya, ka kuma riƙe katinka kamar yadda kake riƙe takardar shaidarka. Ke uwa mai jinya, ki tsaya har ki ga an haɗiye, kuma ki kai yaran gidan a duba su. Jan fitsari ba abin tsoro ba ne, aikin rifamfisin ne. Amma idan ido ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, a koma asibiti a ranar. Kada a raba magani da kowa, kada a sayar, kada a saya a kasuwa.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, ku karɓi katin da aka rubuta da Faransanci ko da Ingilishi hannu biyu, ku ci gaba daga inda aka tsaya, ku kuma aika wa cibiyar da ta turo shi labarin yadda ya ƙare. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kalma ga matasanmu

Har yau Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune a cikinta wadda ba ta da sinkurotiron ko ɗaya. Masu bincikenmu sai sun aika kiristal ɗinsu Turai ko wata nahiya. Tun 2015 masana suka fara taruwa don ganin an gina na Afirka, kuma Gabas ta Tsakiya ta buɗe nata a Jodan a 2017. Duk da haka ba a zauna ba. A Jami'ar Cape Town akwai cibiyar nemo magunguna da Farfesa Kelly Chibale, ɗan Zambiya, ya kafa a 2010, tana aiki a kan zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka. A Saye ta Zariya akwai cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa, mai babban ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibin da ke Kano ko Sakkwato ko Yamai, idan yana da kwamfuta da intanet, yana iya buɗe taswirar InhA a yau ya juya ta ya leƙa lungunta. Ƙwayoyin da ke yawo a tsakaninmu suna da sauye-sauyensu, kuma 'ya'yanmu ne suka fi cancanta su nazarce su. Iyaye, ku ƙarfafa wa masu sha'awar kimiyya gwiwa, maza da mata.

Jama'a, magungunan tarin fuka da duniya ta mallaka ba su da yawa, kuma kowanne ya ci shekarun mutane masu yawa kafin ya iso gare mu. Masu bincike suna can suna zana sababbin kwaɗuna suna ƙera makullai. Namu aikin shi ne mu tsare waɗanda ke hannu, kada su lalace kafin sababbi su iso, kuma hanyar ita ce kowane marar lafiya ya kai maganinsa ƙarshe, ko a wane ɓangaren iyaka wata na shida ya same shi.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya kai matafiya gida lafiya.